Shagon udu na kusa da Bab Makka: uban gwani ne, ɗan kuma ɗan kasuwa

Ranar da na ce wa maiɗakina zan shiga Balad, tsohon garin Jidda, in sayo udu, sai ta ce don Allah in haɗo mata da na Kambodiya, ko da tola ɗaya ne. Ita turare ta ji, ni kuwa abin kiɗan nan na Larabawa mai tsirkiya nake nufi. Da na dawo bayan isha'i rungume da baƙar jaka mai ciki kamar tulu, ta dube ni, ta dubi jakar, ta ce, "Abban Hafsa, da furfurar taka?" Wata bakwai ke nan. Sau huɗu na koma shagon, don haka ina ganin na isa in faɗi yadda yake.

Laifin duk na wani Bajamushe ne. A Kasala ta Sudan na tashi, kuma duk wanda ya shiga motar haya a can shekarun baya ya san kaset ɗin Muhammad Munir, mawaƙin nan ɗan Nuba na Aswan a Masar. Akwai wata jita da ke bin bayan muryarsa, ba ta gaba ba ta baya, tana lanƙwasa sauti yadda jitar Turawa ba ta saba yi ba. Na yi shekaru ina ɗauka wani ɗan Nuba ne ke kaɗa ta. Sai a nan Jidda na ga hoton wani wasansu a YouTube, ashe Bature ne, Roman Bunka, haifaffen Frankfurt a 1951. Tun farkon shekarun 1970 yake kaɗa jita a Embryo, ƙungiyar da Christian Burchard da Edgar Hofmann suka kafa a Munik a 1969, cikin masu kiɗan gwaje-gwajen da 'yan jaridar Ingila suka laƙaba wa suna krautrock. A ƙarshen shekarun 1970 suka ɗora kayansu a motocin bas suka bi ƙasa ta Iran da Afganistan da Pakistan har Indiya, duk inda suka sauka su zauna da makaɗan garin. Ƙungiyar ta ma yi faifai da masu gangar dundun na Yarbawa a 1985. Shi Bunka udu ne ya kama masa zuciya, Alƙahira ta zama gidansa na biyu, ya daɗe yana aiki da Munir. Ya rasu a Munik a Yunin 2022 yana da shekara 70. Da na ji ya kama udu har Misirawa suna sauraro, sai na ce to ni da na girma ana kaɗa shi a rediyon Omdurman safe da yamma, me ya hana ni?

Shagon ƙarami ne, a wani lungu idan ka baro Bab Makka, ɗaya daga ƙofofin tsohon garin. Faɗinsa bai wuce mutum biyu su gifta juna ba. Udu na rataye a sama jere kamar ƙwarya a rumfar mai sassaƙa, sai ka sunkuya. A gaba akwai saurayi da waya a hannu, shi ke ciniki. A can ƙurya, bayan wani labule, mahaifinsa ke zaune gaban tebur cike da zarto da gam da ɓarɓashin katako. Dattijon Bamisire ne daga kudancin ƙasarsu, kowa Usta yake ce masa.

Saurayin bai tambaye ni ko na taɓa riƙe udu ba. Ya sauko min da wani mai ado, an manna masa ɓawon kifin teku tun daga wuya har baya, yana ƙyalli kamar sirdin hawan sallah, ya ce riyal 2,800, amma saboda ni 2,500. Na kusa faɗawa. Allah ya taimake ni Usta ya ɗaga labule zai zubar da ruwan shayi. Ya karɓi abin daga hannuna, ya ƙwanƙwasa fuskarsa da gaɓar yatsa, ya ce, "Wannan na bango ne, ya zol (yadda ake kiran mutumin Sudan ke nan). Ado nauyi yake ƙara wa katako, ya hana shi rawa." Ya miƙa hannu ya ciro wani mara kwalliya, bayansa na itacen gyadar Turawa, fuskarsa fara fat ba a shafa mata komai ba. Ya ƙwanƙwasa shi ma. Ko ni da ban san komai ba na ji bambanci: na farkon ƙwas ya yi ya mutu, wannan kuwa sai da ya yi ɗan gurnani kafin ya yi shiru. Na saye shi 1,150, da jaka da risha biyu, wato ɗan siririn abin da ake kaɗa tsirkiya da shi. Saurayin ya rubuta rasit fuska a murtuke.

Usta yana ɗaure tsirkiyoyin ne ya tambaye ni wa ya sa ni wannan wahala. Na ce wani Bajamushe. Ya tsaya cak. "Roman? Roman na Munir?" Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce a Masar ba ka bukatar faɗin sunan uban, kowa ya san shi. Daga nan ya yi min karatun da ya fi kuɗin da na biya daraja. Ya ce dubi wuyan nan, babu ƙarafan da ke raba sauti irin na jita, sumul yake, yatsanka da kunnenka ne kawai. Kunnen Bature an raine shi a kan fiyano, tsani mai hawa goma sha biyu, alhali maƙamai, wato tsanin sautin kiɗan Larabawa, irin su Bayati da Rast suna da sautin da ke zaune a tsakanin hawa biyu. Ya danna ya nuna min, ya gusa yatsa kamar faɗin ƙwayar shinkafa, sautin ya koma wani abu dabam. A ganinsa abin da ya sa ake girmama Roman shi ne ya zauna ya koyi wannan ƙwayar shinkafar, bai zo ya ɗebi ado ya tafi ba.

Na ce ai ni ba ni da wannan matsala, da udu aka yaye mu. Ya ce in rera masa abin da na sani. Na ɗan yi gunagunin wata tsohuwar waƙar Sudan. Ya girgiza kai. "Naku hawa biyar ne. Kai ma Bajamushe ne a nan." Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Kiɗan Sudan, na mawaƙa irin su Wardi da Kabli, a kan sauti biyar yake tafiya, haka ma yawancin abin da iyayenmu suka zo da shi daga ƙasar Hausa. Udun ɗaya ne, harshen da ake sa shi ya yi ne ya bambanta. Har yau in na nemi sautin nan na biyu na Bayati, yatsana sai ya gudu ya koma gida.

To, ga inda shagon ya ɓata min rai. Mako uku da saye, zif ɗin jakar ya tsinke. Na mayar, saurayin ya ce jaka kyauta ce, kyauta kuwa ba ta da garanti. Wannan na haɗiye. Abin da ban haɗiye ba shi ne tsirkiya. Na nemi saiti guda na canji, ya ba ni a riyal 90, bai gaya min na udun Turkiyya ba ne. Nasu ya fi na Larabawa gajarta kuma ana ɗaure shi sama, don haka da na ɗaura su a nawa na saukar da su inda ya kamata, sai suka yi sako-sako suna zuza kamar ƙudan zuma a kwalba. Kwana biyu ina zargin hannuna. Tsirkiya goma sha ɗaya ce fa, biyar tagwaye da guda mai kauri a sama, duk sai da na kwance na sake. Da na koma ya ce an riga an buɗe leda.

Usta ne ya wanke shagon. Lokacin zafi 'yan turakun da ake murɗa tsirkiya da su suka fara yi min wasa, yau su ƙi juyawa, gobe su sulale da kansu. Katako ne cikin katako, ba ƙarfe ko ɗaya, ga laimar Jidda a waje ga busasshen sanyin na'ura a ɗaki. Ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya goga wa kowanne busasshen sabulu kaɗan don ya juya, ya bi da alli don ya kama, ya mayar kowa raminsa. Ya zura tsabar kuɗi a ƙarƙashin tsirkiya daidai inda wuya ya haɗu da ciki don ya ga tsayinta, ya ce lafiya lau. Ya gargaɗe ni kada in jingina shi a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, kada kuma in bar shi a mota ko na minti goma, gam zai saki. Kusan awa guda ya yi a kai. Na ciro kuɗi, ya ture hannuna, ya ce in kawo masa karkade na Sudan in wani ya zo daga gida.

Wanda zai je, ya je bayan la'asar, lokacin ne dattijon ke zama. Da safe yaron ne kaɗai. Mai saye ya wuce masu ƙyalli, ya sayi jakarsa a wani wuri, ya karanta bayan ledar tsirkiya kafin ya biya. Ni ranar Asabar zan sake komawa, tagwaye na uku sun fara wata 'yar ƙara da ban gane ba. Karkaden ya iso tun shekaranjiya, maiɗakina ta ɗebi rabi ta ce ladan haƙurin da take yi da Bayatina ne.