Dillalin da ya samo mana gida a Kubwa

Da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, abu biyu ne suka hana ni barci, kuɗin haya da makarantar yara, don mu gaskiya ba mu da ƙarfin firamaren kuɗi ga yara 3. Wata ƙawata ce ta haɗa mu da wani dillali kuma wallahi mutumin ya san aikinsa.

Tun farko ya ce mu cire Gwarinpa daga lissafi, aljihunmu ba zai ɗauka ba. Mararraba kuwa akwai sauƙin haya amma ya tuna mana can jihar Nasarawa ce, ga gosilon Nyanya kullum safe da yamma, Baban Ummi, wato maigidana, zai ƙare rayuwarsa a mota ne kawai. Sai ya kai mu Kubwa, ƙarƙashin Bwari, ya zaga da mu firamaren gwamnati ta LEA har cikin aji muka ga malamai suna koyarwa, muka gaisa da hedimasta, ya nuna mana inda sakandaren gwamnati ta GSS Kubwa take saboda babban yaronmu. Ajujuwan a cike suke maƙil, wannan bai ɓoye mana ba. Ga tashar jirgin ƙasan Kaduna kusa, ni abin ya min daɗi sosai saboda Hajiyarmu.

Inda na ɗan ji haushi, kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayar da ya karɓa ban da kuɗin lauya, kuma bai faɗa mana sai mun riƙa sayen ruwa wurin 'yan garuwa ba. Duk da haka zan sake nemansa.