Hallelujah ta cikin Shrek da ta Jeff Buckley: wacce ce wacce?

Ɗan'uwa, ka ce ka sake kallon Shrek kwanan nan, waƙar nan ta Hallelujah ta kama ka, ka nemo kundin waƙoƙin fim ɗin sai ka ji muryar ba ita ba ce. Da ka ƙara bincike kuma aka yi ta nuna maka ta Jeff Buckley ana cewa ita ce ta asali. Kana son sanin wacce ce wacce, kuma wacce ta fi dacewa da fim.

Kunnenka bai yaudare ka ba. Wanda ka ji a cikin fim ɗin na 2001 John Cale ne, mutumin Wales. Wanda ke cikin kundin kuwa Rufus Wainwright ne, wanda a lokacin yake ƙarƙashin kamfanin waƙa na DreamWorks, gidan da ya fitar da fim ɗin da kundinsa. Ta asali kuma ba ta ɗaya daga cikinsu ba ce, ba ta Buckley ba ce. Leonard Cohen, ɗan Kanada, shi ya rubuta ta, ya fitar a 1984 cikin kundinsa Various Positions, wanda kamfanin Columbia ya ƙi fitarwa a Amurka a lokacin. Tasa tana da murya mai kauri kamar mai magana, da 'yan amshi a baya, da kiɗa irin na shekarun 1980. Ba ta yi wani tashe ba.

Cale ne ya buɗe mata hanya. A 1991, da za a yi kundin girmama Cohen mai suna I'm Your Fan, ya roƙi Cohen ya aiko masa da baitocin, sai ga shafi 15 ta na'urar faks. Ya zauna ya tsince waɗanda suka yi masa, ya zubar da 'yan amshi da ganguna, ya bar fiyano da muryarsa kawai. Kusan duk wanda ya sake rera waƙar daga baya, tsarin Cale ya bi, har da Buckley, wanda ya fitar da tasa a 1994 cikin kundin Grace.

To, bari mu ajiye ta Cale da ta Buckley kusa da juna, don a nan bambancin yake. Ta Wainwright ba za ta ɗauke mu lokaci ba: ita ma fiyano ce, ta ɗan fi sauri, muryar ta fi zaƙi da santsi, tana da daɗin ji amma ba a ɗora ta kan hoton ba.

Cale yana rera waƙar ne kamar dattijon da abin ya riga ya wuce masa, yana ba da labari ba ya neman a tausaya masa. Muryarsa ba ta hawa sosai, ba ta karyewa, fiyanon yana tafiya daidai wa daida kamar takun mai komawa gida. Ka tuna wurin da aka sa ta. Shrek ya miƙa gimbiya Fiona ga Farquaad, mai mulkin da ke son aurenta, ya koma fadamarsa, ya samu shirun da ya daɗe yana nema, amma shirun ya zame masa nauyi. Ya zauna cin abinci shi kaɗai. Can a fada ita ma Fiona tana zaune ita kaɗai, ana shirin ɗaura mata aure da wanda ba ta so, har ta sa yatsa ta danna ɗan mutum-mutumin ango da ke saman kek ɗin biki ya nutse. Jakin nan mai surutu yana bakin rafi ya yi tsit. Babu wanda ya ce uffan. Da an sa murya mai kuka a nan, da abin ya yi yawa, domin hoton ya riga ya yi kukan. Abin da ake buƙata shi ne muryar da za ta tsaya a gefe ta bar ka ka kalla, kuma haka Cale ya yi.

Buckley kuwa tun kafin ya taɓa jita za ka ji ya sauke numfashi, kuma an bar numfashin a cikin faifan. Jita ce ta lantarki guda ɗaya, ya daɗe yana kaɗa ta kafin ya buɗe baki, waƙar ta kusa minti 7, ta Cale ko 5 ba ta kai ba. Muryarsa siririya ce, tana farawa kamar raɗa, ta hau har ka ji kamar za ta tsinke. Shi ba labari yake bayarwa ba, yana cikin abin ne tsundum. Ga shi kuma ya rasu a 1997 yana da shekara 30, ruwa ya ci shi a Memphis, shi ya sa mutane da yawa ba sa iya jin waƙar ba tare da tunanin mutuwarsa ba.

Irin wannan murya ba ta tsayawa a gefe, tana karɓe wurin ne gaba ɗaya. Shi ya sa masu shirye-shiryen talabijin suka riƙa ɗauko ta idan an yi rashi. A ƙarshen zango na 3 na shirin The West Wing, a 2002, an harbe jami'in tsaron da ke gadin C.J. Cregg, mai magana da yawun fadar shugaban ƙasa a cikin shirin, a wani shago da ya tarar ana fashi. Aka faɗa mata, ta fita tana tafe a titunan New York har ta samu benci ta zauna tana kuka, ta Buckley tana tafiya a ƙarƙashi. A nan ta dace, don raɗaɗin sabo ne. Amma daga baya an yi ta amfani da ita har ta zama kamar ƙararrawa: da ka ji jitar ka san wani ya mutu. Wannan yana damuna, domin waƙar ta fi ƙarfin a mayar da ita abin matso hawaye. Cohen da kansa ya faɗa a wata hira a 2009 cewa waƙar tana da kyau amma masu rera ta sun yi yawa.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda shi ne ya jefa ka cikin ruɗani tun farko. Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu: na wanda ya rubuta kalmomi da karin, da na wanda ya mallaki faifan da aka naɗa. Izinin sa faifai a cikin fim daban ne, izinin sayar da shi a cikin kundi daban. Saboda haka kamfani yakan ga ya fi masa sauƙi ya biya haƙƙin marubuci kawai, ya sa mawaƙinsa ya sake rerawa.

Idan ni ka tambaya, a kan hoto Cale ya fi, kuma ba kaɗan ba. Idan kuma kai kaɗai ne da dare da abin sauraro a kunne, babu hoton da za a yi gasa da shi, Buckley nake kunnawa. Wadda ta kama ka dai, ka nemi I'm Your Fan, ita ce waƙa ta ƙarshe a kundin, kuma za ka ji baitocin da aka yanke a fim ɗin.