Fondan ko bota aisin: wanne zai yi ma kek ɗin Minecraft a zafin Sakkwato?

Hajiya na ga tambayar da kinka ajiye, kin ce yaronki za shi cika shekara 9 cikin watan Afrilu, ya nace sai kek na Minecraft, kina son ki yi da hannunki a gida amma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin fondan (ƙullun suga da ake murzawa a lulluɓe kek da shi) da bota aisin (haɗin bota da suga da ake shafa ma kek). Allah shi raya muna shi, shi yi mai albarka.

Ki gode ma Allah da Minecraft ya zaɓa ba Mario ba. Shi Minecraft, gem ɗin nan na kamfanin Mojang, wanda Microsoft ta saya a 2014, komi na cikinshi kusurwa huɗu ne, ƙasa, ciyawa, itace, har kawunan halittun ciki, babu lanƙwasa ko ɗaya. Da Mario ne sai kin mulmula hanci da gashin baki da jar hula, kuma in hannu bai saba ba abin da za shi fito yaron da kanshi ba zai gane ko wane ne ba.

To wajen kyau a ido, gaskiya fondan ya fi. Shina kwantawa sumul, kusurwa ta fito tsaf, hoto ya yi kyau a waya. Bota aisin ko yaya kika goge shi da sikirefa sai an ga sawun hannu. Amma wajen ci, kinsan yaranmu, ɓare fondan suke su ajiye gefen faranti don zaƙin ya yi yawa ga danƙo, shi ko bota aisin har yatsa suke lashewa. Kuɗi ma haka, shi bota aisin bota ce da aisin suga da ɗan madara da fulebo, shikenan, misali bota giram 250 ki sa mata aisin suga giram 500. Fondan kuwa in za ki haɗa da kanki sai kin nemo gulukos da jelatin da CMC (garin da ke sa fondan ya kama jiki) da gilisarin, kuma dut da haka sai kin shafa bota aisin a ƙasa kafin ki rufa shi don shi ne abin da ke riƙe shi jikin kek. Kenan mai fondan aiki biyu ta yi. In za ki sayi jelatin ki duba kwalin ki tabbata na halal ne, don akwai wanda ake yi da fatar alade.

Inda maganar take dai wajen zafi ne, nan nake son ki tsaya ki duba da kyau. Botar shanu ta asali tana fara narkewa tun zafi na maki 32 zuwa 35, mu kuwa Afrilu a garin nan rana na wuce maki 40, ga wuta da ba a san sa'ad da za a ɗauke ba, in kika yi aisin da irin wagga bota kika ajiye a falo kafin la'asar ciyawar da kika zana ta sulale ta zama miyar kuka. Shi ya sa ki yi da majarin irin su Simas, in kin samu farin man haɗa kek wanda ake ce ma shotenin ki raba rabi da rabi, ya fi jure zafi nesa ba kusa ba, kuma farin yana sa kala ta fito sosai. Fondan baya narkewa kamar haka amma shi ma da nashi cutar. Abin da ke ƙarƙashinshi in ya yi laushi sai ki ga gefen kek ya yi kumburi ya zazzago. In kika sa shi firij kika fitar cikin zafin nan zufa zai keto mai, ya yi danƙo, baƙi ya zubo cikin kore. Da damina, wajen Agusta, ko ba firij ma haka yake jiƙewa. Da hunturu kuma tun kina murza shi yake bushewa ya tsattsage. Bota aisin ta fi son firij, shi fondan ya fi son ɗaki mai inuwa da fanka, sai ki duba wanne kike da shi.

Ni in ni ce, ga abin da zan yi. Ki gasa kek a gwangwani mai kusurwa huɗu, inci 8, ko a oben ko tukunya da yashi dut ɗaya ne in dai wutar ba ta yi yawa ba, ki bari ya huce sarai, gara ma ki gasa tun daren jajibiri. Ki rufe shi duka da bota aisin, gefen ki sa koko ya zama kalar ƙasa, ki barbaɗa dakakken biskit, sama ki yi kore. Fondan kaɗan za ki saya, ɗan dunƙule, don fuska kawai. Wannan koren dodon da ke fashewa a gem ɗin, Creeper, fuskarshi gida takwas ce a tsaye takwas a kwance, 64 kenan, kinga kowane gida inci ɗaya a kan gwangwaninki. Guda 20 ne baƙaƙe, kowane ido huɗu, baki sha biyu, sauran 44 kore. Ki murza fondan ki yanka da rula da wuƙa tun kwana biyu kafin ranar, ki shanya a tire su ɗan yi tauri, kuma ki yi koren iri uku, mai duhu da mai haske da tsaka-tsaki, ki gauraya su wajen jerawa don haka yake a gem ɗin. Ki kira yaron ya buɗe hoton a waya ya riƙa gwada miki inda kowane zai zauna, wallahi ya fi ki sanin wurin.

Kala kuma ki nemi ta jel ba ta ruwa ba, ta ruwa tana sakin aisin. Baƙi shi ne mai ba da wahala, in kika fara daga fari sai kin juye rabin kwalba kuma ya fito toka-toka ga ɗaci, ki fara cuɗawa da koko tukuna sannan ki ɗiga baƙin, ki rufe ya kwana zai ƙara duhu. Shagunan kayan kek na cikin Babbar Kasuwa ki tambaya ko suna da wanda anka riga anka yi ma kala, ya rage miki aiki.

In maigida baya son siffar abu mai rai a kan abinci, don na san akwai gidajen da ba su so, ki bar fuskar. Cikin gem ɗin kanshi akwai kek da 'yan wasa ke haɗawa da bokitin madara uku, suga biyu, ƙwai ɗaya da alkama uku, samanshi fari da jajayen ɗigo masu kusurwa huɗu, ƙasanshi ruwan ƙasa. Duk yaron da ke buga Minecraft yana gani zai gane shi, kuma shi jan fondan guda bakwai ko takwas ma ya ishe ki.

Jerawar ki yi ta da sassafe kafin rana ta ɗaga, ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kar ki fito da shi tsakar gida sai yara sun taru za a yanka.