Motocin Na'im BaSofash na Tel Aviv: Shiga Kyauta, Sai Dai a Yi Haƙuri da Cunkoso

Daga yammacin Juma'a har zuwa daren Asabar, jirgin ƙasa da yawancin motocin bas na haya a Isra'ila suna tsayawa cik saboda Shabbat, ranar hutun addinin Yahudawa. Ko jirgin cikin gari na Red Line da aka buɗe a Tel Aviv a 2023 ba ya aiki a wannan lokacin. Wannan giɓin ne ƙaramar hukumar birnin ta yi ƙoƙarin cikewa da motocin bas na ƙarshen mako masu suna Na'im BaSofash a Nuwamban 2019, tare da maƙwabta irin su Givatayim, Ramat HaSharon da Kiryat Ono.

Asalin tsayar da sufurin haya ranar Asabar ya girmi ƙasar kanta. A watan Yunin 1947, David Ben-Gurion, wanda daga baya ya zama firaministan Isra'ila na farko, da abokan aikinsa sun rubuta wa ƙungiyar Yahudawa masu tsananin riƙo da addini ta Agudat Israel wasiƙa, inda suka yi alkawarin cewa Asabar za ta zama ranar hutu a ƙasar da za a kafa, abincin gwamnati zai bi ƙa'idar kosher (halal ɗin Yahudawa), za a kiyaye al'amuran aure bisa addini, kuma makarantun addini za su ci gashin kansu. Birnin Haifa ya tsira da motocinsa na Asabar ne domin tun zamanin mulkin Birtaniya suke aiki.

Shiga motar Na'im BaSofash ba a biyan ko sisi, ba a kuma buƙatar katin biyan kuɗin mota na Rav-Kav. Wannan ba karamci kawai ba ne: da zarar an karɓi kuɗin mota, hidimar ta zama sufurin haya da ke buƙatar lasisin ma'aikatar sufuri. Kuɗin yana fitowa daga aljihun ƙananan hukumomi.

Matsalar ita ce yawan jama'a. Motar da ta nufi bakin teku da safiyar Asabar takan cika tun tashoshin farko, na tsakiyar hanya sai dai su ga wucewarta. Lokacin farawa da tashi yana sauyawa bisa faɗuwar rana, don haka a duba manhajar sufuri ta Moovit kafin a fito. Layukan kuma suna kauce wa yankunan masu tsananin riƙo da addini kamar garin Bnei Brak, wanda a ganina daidai ne, ko da ya ƙara nisa.

Ga ma'aikaci ko ɗalibin da ba shi da mota, hidimar ta cancanci yabo ƙwarai. Amma mazaunin garin da hukumarsa ba ta shiga shirin ba, dole ya nemi tasi ko ya jira Asabar ta fita.