Yaya ki daina zubar da ƙyallayen nan

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya ƙafar Umma? Allah ya ƙara sauƙi. Kin dame ni a waya da maganar keken ɗinki da kike so in aiko miki da kuma yadda harkar ɗinki take a nan, to abin ya fi ƙarfin saƙon murya shiyasa na zauna na rubuta, har da maganar bargon ƙyalle da ake ɗinkawa a nan Amurka da ƙyallayen da kike zubarwa, in kin gama ki tura wa matan da kuke ɗinki tare don su ma ya shafe su.

Keken dai ki cire rai, kuma wallahi ba rowa bace. Wutar Amurka 120 ce tamu ta gida 230, kina jona shi kai tsaye zai ƙone sai kin haɗa da taransifoma, ga wutar ma ba kullum kuke samu ba. Sannan ƙananan kekunan da ake sayarwa a manyan kantuna dala ɗari zuwa ɗari biyu rabin cikinsu roba ne, suna da ɗinki kala-kala da fitila da komai amma ki sa musu shadda ninki huɗu ki ji yadda suke nishi. Butterfly ɗinki na ƙafa ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Gyara kuwa nan ne za ki gode Allah da Kano, mai gyara a nan ya duba ya share ya zuba mai kawai sai ya ce dala tamanin ko ɗari, kuma ki bar masa keken sati biyu uku yana layi, shi yasa mutane da yawa in ƙaramin keke ya lalace sai su jefar su sayi sabo. Ke kuwa waya ɗaya za ki yi malam ya zo a babur ya ɗaure bel ya daidaita zare ya sha ruwa ya tafi. Masu kuɗin su Bernina suke saya ɗan Suwizalan, dubban daloli, tsofaffin matan kuma akwai wani ɗan ƙaramin baƙin Singer da aka fara ƙerawa a 1933 suna ce masa Featherweight, bai fi kilo biyar ba, ƙarfe ne zalla, har yau suna yawo da shi a akwatinsa suna alfahari na kakarsu ne.

Tela irin namu kuwa babu. Bature baya kai ɗinki, ya shiga kanti ya ɗauko wanda aka gama, in wando ya masa tsawo ya kai a rage masa ƙafa ya biya dala sha biyar ko ashirin, ƙafar wando fa kawai. Mu masu atamfa sai dai mu nemi ƴan Senegal ko ƴan Gana da ke ɗinki a gidajensu, riga da siket ki ji kuɗin da a gida zai miki kala biyar, shi yasa har gobe awona yana wajenki. Abu ɗaya dai zan yaba, in sun ce Alhamis to Alhamis ce, babu zancen ki dawo gobe an ɗauke wuta ranar jajiberin sallah.

To amma abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu daban ne. Nan Kolombos da muke a jihar Ohayo akwai matan da ke haɗuwa a ɗakin taro na laburaren unguwarmu, yawanci tsofaffi ne da suka yi ritaya, malaman makaranta da nas-nas, kowa ta zo da kekenta da jakar ƙyallaye suna ɗinka bargo. Maƙociyata ce ta ja ni da ta ga ina kalmasa ɗankwali. Ba sana'a bace a wajensu, sha'awa ce kawai, kuma kuɗi suke zubawa a ciki ba samu suke ba. Bargon hawa uku ne, na sama ƙyallaye ne da aka yanka ƙanana aka haɗa su suka ba da zane, tsakiya auduga ce shimfiɗaɗɗiya da ake sayarwa a naɗe, ƙasa kuma yadi guda, sai a bi duka ukun da ɗinki don kar audugar ta dunƙule in an wanke, a ƙarshe a kewaye bakin da siririn yadi. Da na gani nace musu ai mu ma muna da wannan aikin, lifidin da ake sa wa dawaki da mahayansu a hawan sallah haka ake yinsa, yadi sama yadi ƙasa a cusa audugar rimi a tsakiya a bi da ɗinki, da can don kibiya aka yi shi. Na nuna musu hoton ƴan lifidi a waya suka yi ta karɓa hannu-hannu.

Tsantseninsu a awo sai kin gani. Kowace haɗa kwata ɗin inci ake bari, ba ƙari ba ragi, don in kin kuskure kaɗan-kaɗan a ƙyalle ɗari to kusurwoyi ba za su haɗu ba bargon ya karkace. Ba sa yanka da almakashi, wata wuƙa ce mai zagaye kamar taya da kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, a ɗora yadi kan faifan roba a danne da rula mai kauri a gungura, ta yanke ninki shida lokaci guda. Wannan kam zan aiko miki da ita da faifan da rular, ba ruwansu da wuta, sai dai ki ɓoye ta daga yara don kaifinta ya wuce reza. Kuma duk layin da suka ɗinka sai sun tashi sun goge, dutsen guga na nan a jone gefen kowa, rabin aikin ma guga ne.

Yanzu zo ki ji farashin yadi. A shagunan da suka ƙware kan wannan harkar yadi ɗaya na auduga dala 12 zuwa 14 ne, wato yadi shida kwatankwacin turmi guda ya kusa dala 80, ki buga da canjin yau ki gani, kuma yadin nan ba wani Holan bane, faɗinsa inci 44, furanni ne da ɗigo-ɗigo. Babu ciniki babu gyara, inci ɗaya ba za ta ƙara miki ba, ta auna ta yanke ta miƙo miki takarda. Sai na tuna Kantin Kwari yadda za a ba ki kujera a aiko yaro ya kawo miki ruwa a sauke miki turmi ashirin ki taya ki tashi ki tafi a kira ki ki dawo. Da akwai wani babban kanti Joann, hedikwatarsu ma nan Ohayo take a garin Hudson, shi ne na talakawa don kullum cikin ragi yake, to a 2025 ya karye aka rufe rassansa kaf wajen 800 a faɗin ƙasar, matan nan har yau jimaminsa suke yi. Yanzu sai kantuna irin su Walmart da Hobby Lobby da oda ta intanet, ita kuwa intanet ba ki taɓa yadi ba balle ki san ko zai zuba.

Abin da zai ba ki dariya, ƙyallen ma sayar da shi ake. Akwai wanda ake yankawa inci 18 da 22 a ninke shi a ɗaure, dala uku zuwa huɗu ɗaya. Akwai sirara masu faɗin inci biyu da rabi guda arba'in a naɗe su kamar gammo, dala arba'in ko sama. Har ragowar yanka da ta zube ƙasan tebur a cusa a leda a manna mata farashi. Wani gari ma Hamilton a jihar Misuri wata mata Jenny Doan da ƴaƴanta suka buɗe shago a 2008 tana koyarwa a YouTube, yanzu shagunansu sun cika babban titin garin mutane na zuwa da motoci ziyara. A Paducah ta jihar Kentaki kuwa gidan tarihi guda aka gina wa barguna tun 1991. Ni duk wannan in na gani buhun da kike cikawa duk sati nake tunawa, wanda yara ke kaiwa bola ko a ba mai katifa ko a kunna gawayi da shi.

Kuma gaskiya ba duka abin nasu ke burge ni ba. Asalin bargon ƙyalle na talaka ne da ba shi da abin rufa, kamar matan Gee's Bend a Alabama, baƙaƙen fata jikokin bayi da suka riƙa yayyanka tsofaffin wandunan gona na mazajensu suna haɗawa don sanyi, sai a 2002 aka baje aikinsu a gidan tarihi a Houston da Niyok duniya ta ɗauka, 2006 har kan sarki aka buga da hotunan bargunan. Wannan na gane shi. Amma mace ta sayi sabon yadi na dala ɗari biyu ta yayyanka shi gutsi-gutsi ta sake haɗawa ta ce na ƙyalle ne, ni dai har yanzu abin bai zauna min ba. Wasu ɗaki guda ne cike da yadi tun daga ƙasa har rufi wanda ko shekara ɗari za su yi ba za su ɗinke ba, in ta mutu ƴaƴa su zuba a kwalaye su sayar a ƙofar gida da arha ko su kai Goodwill, shagon gwanjonsu kenan. Nawa yadin ma yawanci can nake tsinta.

Wani abin kuma, da yawa ba su ke ƙarasa bargon ba. In sun haɗa saman sai su kai wa mai babban inji, wani dogon keke ne a kan tebur da ya cika ɗaki, kuɗinsa ya kai na mota, ita ke bi da ɗinkin ado. Da inci ake biya, kamar santi biyu, wato kwabo biyu na dala, kowane inci murabba'i, bargon babban gado mai inci 90 da 100 ya tashi dala 180 kenan banda auduga banda yadin baya. Ƴan Amish da ke yankin Holmes arewa da mu, masu keken doki ɗin nan da ba sa jan wutar lantarki gidajensu, su har yanzu da hannu suke yi da allura da keken ƙafa irin naki, kuma nasu yana da tsada sosai.

To ina bargunan ke zuwa tunda gado nawa mutum yake da shi? Kyauta. Nan ne na sara musu. Akwai ƙungiya Project Linus da wata mata Karen Loucks ta fara a Kolorado a 1995, suna tara barguna na hannu su kai wa yaran da ke kwance a asibiti da waɗanda gobara ko wata masifa ta faɗa wa, sharaɗinsu ya zama sabo, mai wankuwa, ba warin taba ba gashin kare ko mage. Akwai Quilts of Valor da Catherine Roberts ta kafa a 2003 lokacin ɗanta na yaƙin Iraƙi, su tsofaffin sojoji suke lulluɓawa. Namu na laburare na jarirai muke yi da na gidan da matan da suka gudo daga dukan miji ke fakewa. Mace ta yi wata guda tana haɗa abu da kuɗinta da ciwon bayanta ta miƙa wa mai tarawa, ba za ta taɓa ganin yaron ba, shi ma bai san sunanta ba. Mu a gida kin san wa kika ba, ki ɗinka wa maƙociya kayan jariri ki kai mata ranar suna da hannunki ta yi miki addu'a, wannan yana da daɗinsa kuma su sun rasa shi, tsofaffin nan wasu kaɗaici ne ma ke kawo su taron. Amma ki tuna Disamba da Janairu in hunturu ya sauka yadda almajiran zauren Malam ke kwana a dunƙule cikin buhu, ga ƙyalle muna ƙonawa. Ba sai da audugar kanti ba, tsohon zanin gado ko tsohon bargo da ya sha jiki a sa a tsakiya ya wadatar, ku biyar in kun zauna ranar Lahadi ɗaya za ku fitar da biyu ko uku.

Atamfa kuwa hauka suke a kanta. Na kai ragowar wadda kika ɗinka min ta bikin ƙanwarmu, kafin in zauna sun rabe ta, ɗaya har tana tambaya nawa za ta biya. Ana sayar da ita a intanet a yanke ƙanana da tsada kuma yawanci mai roba ce.

Don haka ga abin da nake so. Ki ware min buhu daban, atamfa zalla mai auduga, wadda ta kai tafin hannu zuwa sama. Banda leshi banda mai santsi banda mai duwatsu, shadda ma ki barta don zamewa take a haɗi. Wadda kike shakka ki kusanta bakinta da ashana, in ta narke ta dunƙule roba ce ki cire, in ta zama toka ki saka. Ki sa yara su wanke su da ruwan ɗumi don sitacin ya fita, ja da shuɗi a wanke su daban a ga ko suna zuba, a goge a jera a danne sosai a leda. In kin samu ƙyallen rini na Ƙofar Mata ko kaɗan ne ki haɗo, shi na riga na yi wa wata alkawari. Jaka ɗaya kilo 23 jirgi ke ɗauka, kar ya wuce kilo biyar don wadda za ta taho min da su tana da nata kayan, kuma ki bar wa yaji da kuka da daddawata wuri. Wuƙar da rular ita za ta kawo miki in za ta koma, zan sa reza biyu na canji a ciki. Ki gaida Umma da kyau, ki ce mata nata bargon na kusa gamawa saura baki.