WordPerfect 5.1 da Append ɗinsa, bayan sati biyu ina fama da tsofaffin fayil

Wata jaka na tono a ɗakin Baba cike da fulofi, tsofaffin faifan kwamfuta ɗin nan, duk minit ɗin taron ƙungiyar unguwarmu ne da ya riƙa bugawa tun yana sakatare, kowane zama da fayil ɗinsa. Dattawa suka ce a tsamo musu duk inda aka yi maganar filin makaranta a haɗa wuri guda. To da manhajar rubutu WordPerfect 5.1 aka buga su, na DOS ɗin nan mai shuɗin allo da ya fito a 1989, sai na ɗora shi a DOSBox, manhajar da ke tafiyar da kayan DOS a kwamfutar yanzu, na ce bari in gwada da abin da ya haife su.

Gaskiya Append, umarninsa na liƙa rubutu a ƙarshen wani fayil, ya burge ni. Ka buɗe fayil, ka danna Alt+F4 ka shafo sakin layin da kake so, sai Ctrl+F4, ka zaɓi 1, ka zaɓi 4, ya tambaye ka sunan fayil, ka rubuta FILI.WP ka buga Enter, shi ke nan rubutun ya tafi can ƙarshen wancan fayil ɗin ba tare da ka buɗe shi ba, na gabanka kuma yana nan ba abin da ya taɓa shi. Babu linzami babu komai, kafin la'asar na wuce fayil talatin yatsuna sun haddace hanya.

Amma fa shiru yake aikinsa kamar maye, ba zai ce maka ya shiga ko bai shiga ba. Ni kuma da rashin haƙuri sai na buɗe FILI.WP a Doc 2, wato allonsa na biyu, wai in riƙa leƙawa da Shift+F3, na manta cewa kan faifai yake zubawa, na allon tsohon kwafi ne. Ina danna F10 na adanawa na amsa Y, wallahi aikin awa biyu na danne da hannuna. Laifina ne, ban da bakin magana.

Sai kuma sunan fayil, harafi takwas ne iyaka kafin ɗigo, shi ya sa Baba ya sa irin su TARO0394 da sai ka yi ta canka. Yanzu dai ba na buɗe FILI.WP sai na gama na yini, in duba ta F5, wato jerin fayil, in kwafe shi gefe. Saura fulofi huɗu, biyu ma sun ƙi karantuwa.