Wace Waya Ta Dace A Saya Wa Yaro A Legas?

A Legas, inda ɗalibi kan bar gida da sassafe ya shiga danfo, cunkoso kuma ya riƙe shi a hanya har bayan la'asar, iyaye na buƙatar hanyar jin muryar ɗansu. Sai dai wayar da ke kwantar musu da hankali ita ce kuma ke buɗe wa yaro TikTok da Instagram da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, don haka ya kamata magidanci daga Agege ko Idi-Araba ya yanke shawara tun kafin ya shiga Computer Village, kasuwar wayoyi da ke Ikeja.

Ƙaramar waya mai madannai, irin Nokia 105 ko ƙananan Itel, ita ce zaɓina ga ɗan firamare da wanda ke farkon sakandare. Tana da araha, cajinta na yin kwanaki, ɓarayin tasha kuma ba su cika kwaɗayinta ba. Amma a kunna ta a gaban mai shago a duba, domin wasu na zuwa da Opera Mini, manhajar shiga intanet, ko Facebook a ciki.

Babbar waya ta Android, kamar Tecno ko Infinix ko Samsung, tana da amfani ga wanda ke shirin jarrabawar WAEC da JAMB, amma da sharaɗin a haɗa ta da Family Link, manhajar Google ta kyauta wadda ke bai wa uba ko uwa damar ƙayyade sa'o'in amfani a kullum, da kulle wayar da dare, da hana sauke wata manhaja sai da izininsu. A nan ne akasarin iyaye ke yin sake. Yaron shago yakan karɓi sabuwar wayar ya buɗe asusun Gmail cikin hanzari, ya sa shekarar haihuwar da ta zo masa a rai, daga nan Google ya ɗauki ɗan shekara 12 a matsayin baligi. A kai wayar gida a kwalinta, a buɗe asusun da ainihin shekarun yaron.

iPhone na da irin wannan tsari mai suna Screen Time tun 2018, kuma yana aiki da kyau, sai dai tsadarta ta sa yawancin waɗanda ake saye na hannu ne. Lallai a tabbatar an cire iCloud, wato asusun Apple, na mai ita na farko. Kwamfutar hannu (tablet) guda da za ta zauna a falo kowa na gani ta fi arha ga gida mai yara da yawa, ko da yake ba ta magance buƙatar kiran yaro a hanya.

Abin da ya fi damuna shi ne WhatsApp, wanda malaman boko da na Islamiyya ke tura aikin gida ta cikinsa. Tun 2024 Meta AI, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi, ya shiga cikinsa a Najeriya, kuma Family Link ba ya ganin hirar da ake yi a ciki, saboda haka yaro na iya sa na'ura ta rubuta masa aikin gaba ɗaya. Shi kuwa ChatGPT, wata manhajar irin wannan, ya gindaya sharaɗin shekara 13, tare da amincewar iyaye ga wanda bai kai 18 ba. Idan makaranta ta dage a kan WhatsApp, a ba ta lambar mahaifiya ko ta mahaifi, yaron ya kwafi aikin a littafinsa.